Ƙaramar Ikilisiyar Baftis a Arewa: Yadda Take Tashi da Abin da Ke Riƙe Ta

Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kachiya, ko ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Kwantagora da Rijau, ba zai rasa ganin ƙananan majami'u a gefen hanya ba. Gini ne na bulo ko na laka, da rufin kwano, da benci goma sha wani abu, sai allo a ƙofa ɗauke da suna irin su Alheri, Nasara, Bege ko Salama, a ƙarƙashinsa kuma an rubuta Baftis. Yawancin masu wucewa, Musulmi da Kirista, suna ɗauka cewa kowace irin wannan majami'a reshe ce ta wata babbar hedkwata da ke turo mata fasto, ta biya shi albashi, ta kuma sayo mata kwano in iska ta yaye rufi. Tsarin ba haka yake ba. Ikilisiyar Baftis, ko da mutum talatin ne a cikinta, ita ke mulkin kanta. Ita ke neman fastonta, ita ke biyansa, ita kuma ke da ikon sallamarsa. Babu bishop a samanta da zai aiko da takarda ya ce ga abin da za a yi. Ƙarfinta daga nan yake fitowa, haka ma yawancin ciwon kanta.

Tushen wannan tsari yana da nisa. A shekarar 1609, a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, wasu Ingilawa da suka gudo daga ƙasarsu saboda ƙin bin cocin gwamnati suka kafa ikilisiyar da ake ɗauka ita ce ta farko ta Baftis, ƙarƙashin jagorancin John Smyth da Thomas Helwys. Bayan 'yan shekaru Helwys ya koma Landan da wasu daga cikinsu, inda daga baya ya mutu a kurkuku saboda ya rubuta cewa sarki ba shi da iko a kan lamirin mutum game da addini. Abu biyu suka riƙe, kuma har yau su ne ginshiƙai. Na farko, ba a yi wa jariri baftisma. Sai mutum ya yi wayo ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Na biyu, taron masu bi na wuri guda shi ne ikilisiya cikakkiya, ba ya jiran wani ya cika shi daga waje. Ɗaya ne ya haifi ɗaya. In dai kowane mamba da ƙafarsa ya shigo, da bakinsa kuma ya yi alkawari, to babu hujjar hana shi magana a kan yadda za a tafiyar da gidan da ya shigo.

A Nijeriya labarin ya fara da Thomas Jefferson Bowen, Ba'amurke, wanda ya sauka a Badagiri a 1850. Burinsa ya kutsa can cikin ƙasa, wajen Arewa. Ya kai har Ilori, amma ba a ba shi izinin zama ba, don haka aikin ya tsaya a ƙasar Yarbawa, a Ijaye da Ogbomosho da Legas. Yaƙi ya rushe Ijaye a 1862, yaƙin basasar Amurka kuma ya katse kuɗin da ake aikowa, har aka wayi gari babu Baturen mishan ko ɗaya a ƙasa na tsawon shekaru, sai a 1875 aka sake turo wasu. A wannan tsakanin 'yan ƙasa ne suka riƙe ƙananan tarukan, cikinsu har da wata gwauruwa mai suna Sarah Harden a Legas da wani saurayi, Moses Ladejo Stone. Wato tun daga farko Baftis ɗin Nijeriya sun koyi rayuwa ba da hannun kowa ba.

Abin da ya faru a Legas a 1888 ya cancanci a tsaya a kansa, domin irinsa ne ke maimaituwa a ƙauyukanmu har gobe. Stone ne faston ikilisiyar. Albashinsa bai isa ba, ya nemi ƙari, ya kuma riƙa ɗan kasuwanci don ya rufa wa kansa asiri. Baturen mishan, W. J. David, bai yarda ba, aka rabu da Stone ba tare da an tuntuɓi jama'a ba. Jama'a suka ce ai fastonsu ne, ba a isa a raba su da shi ba sai da yardarsu. Mafi yawansu suka fice suka kafa tasu ikilisiyar, wadda daga baya aka sani da Ebenezer. Kuɗin fasto da tambayar wa ke da iko: a kan waɗannan biyun aka yi ɓarakar farko, kuma duk wanda ya zauna a ƙaramar ikilisiya ya san ba su tsufa ba. Sai a 1914 ikilisiyoyin suka haɗu a Ibadan suka kafa ƙungiya guda, wadda a 1919 ta ɗauki sunan da ake kiranta da shi yau, wato Kwanbenshan na Baftis na Nijeriya. Hedkwatarta tana Ibadan har yanzu.

Abin da Bowen ya kasa, jirgin ƙasa ya yi. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, fatake da ma'aikata Yarbawa, da yawansu 'yan Ogbomosho, suka bazu a Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Kano, Jos da Kafanchan. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar Turawan mishan cikin masarautun Musulmi, amma ba ta hana tela ko mai sayar da atamfa ya tara 'yan garinsu a ɗakinsa ranar Lahadi ba. Haka ikilisiyoyin Baftis na farko a Arewa suka tashi: a Sabon Gari, da harshen Yarbanci, ba tare da wani ya aiko su ba. An daɗe ana kiran Baftis cocin Yarbawa, kuma ba ƙarya aka yi ba. Sai da aka buɗe makarantar horar da fastoci da Hausa a Kawo cikin Kaduna, a ƙarshen shekarun 1940, sannan 'ya'yan ƙasa suka fara fitowa da yawa suna kai bishara cikin Gbagyi, Adara, Kambari, Dukawa da sauran ƙabilu, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka gama fassararsa tun 1932.

Akwai darasi mai ɗaci daga Gana a kan wannan. Can ma Yarbawa 'yan kasuwa ne suka kafa yawancin ikilisiyoyin Baftis na farko, suna sujada da yarensu. Da gwamnatin Busiya ta kori baƙi marasa takardu a 1969, majami'u da dama suka wayi gari kusan babu kowa a ciki, don ba su taɓa buɗe ƙofa sosai ga 'yan ƙasa ba. Hausawan zango sun san wannan kora, domin ta shafe su su ma. Ikilisiyar da ta tsaya a kan ƙabila ɗaya, ranar da ƙabilar ta tashi, gini kawai za a bari.

To yaya ƙaramar ikilisiya ke farawa a yau? Galibi ba da wani shiri mai girma ba. Iyalai uku ko huɗu sun ƙaura zuwa sabuwar unguwa a bayan gari, ko sun je noma wani daji sun kafa tunga. Majami'arsu ta yi nisa, kuɗin acaɓa ya yi yawa, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga tsofaffi, ga masu goyo. Sai su fara addu'ar safe a zauren ɗayansu, suna dogara ga alkawarin da ke cikin Matiyu 18:20 game da mutum biyu ko uku da suka taru cikin sunan Almasihu. In abin ya ɗore, su sanar da ikilisiyar da suka fito, ita kuma ta amince da su a matsayin tashar wa'azi. A wannan mataki ba su da cikakken iko. Sunayensu suna cikin littafin uwar ikilisiya, baikonsu, wato kuɗin da suke bayarwa a lokacin sujada, can ake kai lissafinsa, ita ke turo musu mai wa'azi, wani lokaci dikon, wato mamban da aka zaɓa ya taimaki fasto a hidima, wani lokaci ɗalibin makarantar tauhidi da ke neman wurin gwaji. In za a yi baftisma ko Jibin Ubangiji (cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu) ko ɗaurin aure, sai an gayyato faston da aka naɗa.

Ranar da tashar wa'azi ta zama ikilisiya mai cin gashin kanta babbar rana ce. Wakilan ikilisiyoyin yankin sukan zo su duba: mutum nawa ne aka yi wa baftisma, suna da wurin sujada, za su iya ɗaukar nauyin mai hidima, sun fahimci koyarwar Baftis? In an gamsu, a karanta alkawarin ikilisiya, a buɗe mata littafin sunaye nata na kanta, a karɓe ta cikin ƙungiyar yanki, wadda ake kira asosiyeshan. Ƙungiyoyin yanki su ke haɗuwa su zama kwanfarans, su kuma su haɗu a Kwanbenshan. Wanda ya saba da tsarin gwamnati zai ɗauka umarni daga sama yake gangarowa. A ƙa'ida, akasin haka ne. Ikilisiyoyi ne ke tura wakilai sama, su ne kuma ke tura wani kaso na kuɗin shigarsu don a gudanar da makarantu da asibitoci da aikin bishara. Na sama suna ba da shawara, suna sasanci, suna iya janye zumunci daga ikilisiyar da ta kauce, amma ba su da makullin majami'ar. Wannan ya bambanta da tsarin Katolika ko Angilikan, inda bishop ke tura limamin coci, ya kuma bambanta da maƙwabtansu na ECWA, inda majalisar gunduma ke yi wa fastoci canjin wurin aiki.

Yawan jama'ar da ke zama a benci ranar Lahadi daban, yawan mambobi daban. Mamba shi ne wanda ya zauna ajin baftisma na makonni ko watanni, aka yi masa tambayoyi a gaban dattawa, sannan aka nitsar da shi cikin ruwa gaba ɗaya, alamar mutuwa da tashi tare da Almasihu kamar yadda Romawa sura 6 ta bayyana. A birni akwai majami'un da suka gina kwarmin ruwa a bayan bagade. A ƙauye rafi ake zuwa ko dam, shi ya sa akan kintaci lokacin da ruwa bai ƙafe ba kuma bai yi ƙarfin da zai ja mutum ba. Wani dattijo ya fara shiga da sanda yana auna zurfi, mata suna waƙa a bakin gaɓa, yaran gari har da na maƙwabta Musulmi sun yi cincirindo suna kallo. Daga wannan rana, yarinya 'yar shekara goma sha biyar tana da ƙuri'a ɗaya, daidai da ta dattijon da ya ba da filin da aka yi ginin.

Wannan daidaito a taron ikilisiya ake gwada shi, kuma a nan ne, a ganina, ake gane ko ikilisiya za ta girma ko za ta tsaya cik. Taro ne na mambobi da akan yi wata-wata ko bayan wata uku, galibi bayan sujada, mutane suna jin yunwa, yara suna kuka. Ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin man janareta da na alli. A tattauna karɓar sabbin mambobi, da zaɓen dikononi, da horon wanda ya yi laifi, da batun ko siminti za a fara saya ko ganga. A ɗaga hannu, a ƙirga. A takarda babu tsarin da ya fi wannan adalci. Amma a zahiri, ikilisiyar mutum arba'in sau da yawa gida biyu ne ko uku da surukansu. Wanda ya kafa ta yana nan zaune a bencin gaba, kowa yana ce masa Baba. Ƙaninsa ne ma'aji, matar ɗansa ce shugabar mata. In Baba ya yi gyaran murya ya ce shi bai ga dalilin abu ba, wane yaro ne zai ɗaga hannu a gaban surukinsa? Kunya da girmama na gaba tarbiyya ce mai kyau, ba na son a rasa ta. Sai dai in ta hana a tambayi inda kuɗin gini ya shiga, ta zama abin da ke korar baƙo. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da aka turo garin za su zo wata uku, su lura cewa an gama yanke komai a zauren wani tun daren Asabar, su sulale zuwa wata majami'a ba tare da sun ce uffan ba.

Ban faɗi haka don in rage wa waɗanda suka kafa ikilisiya daraja ba. Su suka ɗebo ruwa a ka aka kwaɓa ƙasa, su suka ciyar da mai wa'azi shekara da shekaru daga rumbunsu. Abin da ake nema gare su yana da wuya ƙwarai: su miƙa littafin kuɗi ga wanda ya zo jiya, su yarda a kayar da ra'ayinsu a ƙuri'a, su kuma dawo Lahadi mai zuwa da fara'a. Inda dattawa suka iya wannan, za ka ga matasa sun zauna. Inda suka kasa, ko dai ikilisiyar ta tsufa tare da su, ko ta tsage biyu, a sami majami'u biyu masu suna kusan iri ɗaya a unguwa guda, kowace ba ta iya biyan fasto.

Batun fasto shi ne ƙulli na biyu. Ikilisiya kan kafa kwamiti ya nemo wanda ya gama makarantar tauhidi, a Kaduna ko Ogbomosho ko wata daga cikin makarantun fastoci, a gayyace shi ya yi wa'azi, a yi masa tambayoyi, sannan jama'a su jefa ƙuri'ar kiransa. Kwanbenshan yana da tsarin albashin da yake ba da shawara a bi, amma aljihun jama'a ne ke yanke hukunci. Kuɗin ikilisiya zakka ne da baiko, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu da kuma abin da ya sa a faranti. Manomi ba ya samun kuɗi wata-wata. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da kowa ya zuba abin hannunsa a taki da maganin feshi, farantin baiko kan dawo da 'yan canji. Sai kaka ta yi, a yi bikin godiya, buhunan masara da dawa da doya su cika gaban bagade, a yi gwanjonsu, a biya bashin albashin watannin baya. In shekara ta ƙi, ikilisiya ta ƙi tare da ita. Cutar da ta cinye gonakin citta a Kachiya da Jaba da Kagarko a 2023 ba manoma kaɗai ta durƙusar ba. Duk majami'ar da ke jiran zakkar citta ta ji a jikinta.

Saboda haka faston ƙauye kusan kullum manomi ne, ko malamin firamare, ko mai ɗinki. Wasu suna ganin wannan ƙasƙanci ne. Ni ban gan shi haka ba, tun da Manzo Bulus ma da ɗinkin tanti ya riƙe kansa a Koranti. Inda matsalar take shi ne mutumin da jama'a ke biya, su kuma ke iya sallamarsa, shi ake so ya tsaya ya tsawata musu. In mai ba da zakka mafi tsoka ya ƙara aure, ko ya ci iyakar gonar marayu, fasto ya san abin da Matiyu 18 ta ce a yi game da tsawata wa mai laifi, ya kuma san kuɗin makarantar 'ya'yansa daga ina yake fitowa. Fastoci da yawa sun zaɓi gaskiya sun kwashe kayansu. Wasu sun yi shiru sun daɗe. Ikilisiyar da ke canza fasto duk bayan shekara biyu ya kamata ta binciki kanta kafin ta sake kafa kwamiti. Akwai kuma kishiyar wannan, wadda ta yaɗu a 'yan shekarun nan: faston da ya kwaikwayi salon manyan coci-cocin zamani, ya mai da kansa mai gida, ya daina kiran taro, ya ce Allah ya riga ya faɗa masa. Wannan ma ya bar tafarkin Baftis, ko da allon ƙofa bai canza ba.

Wanda ke son sanin ainihin masu riƙe da ƙaramar ikilisiya, ya zo ranar da zumuntar mata ke taro. Ƙungiyar matan Baftis ta ƙasa an kafa ta tun 1919, kuma a ƙarƙashinta ake renon ƙananan yara da 'yan mata mataki-mataki, yayin da samari ke da tasu ƙungiyar mai fareti da kaki. A ƙauye, matan nan ne ke zuwa gaida mara lafiya, su yi girki a gidan makoki, su tara kwanon hatsi don matar fasto in ta haihu, su je ƙauyen gaba da tulu da kacau-kacau suna waƙar bishara. Asusunsu sau da yawa ya fi na ikilisiya tsabta, har akan ranta daga gare su. Abin takaici ne a ce masu wannan aiki su ne suka fi yawa a benci amma muryarsu ta fi ƙaranci a taro.

Sai harshe. A yawancin ƙananan ikilisiyoyin Arewa, Hausa ce ke haɗa Bagwari da Bajju da Bakambare da Bamaguje a benci guda. Da ita ake karatu, da ita ake waƙa, da ita ake faɗa a taro. Amma tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai tana son a yi mata addu'a da yarenta, yaran da suka yi sakandare kuma suna son Turanci da jita da madannin kiɗa. In ba a ba su ba, akwai sabuwar majami'a a bakin titi mai lasifika da za ta ba su. Mafita da aka fi bi ita ce a raba sujada biyu, ta Turanci da sassafe, ta Hausa daga baya. Tana aiki, amma tana da farashi. A hankali masu albashi su taru a ta farko, manoma da tsofaffi a ta biyu, baikon ɗaya ya ninka na ɗayar, sai a fara jin ana cewa ai mu ne ke riƙe da cocin. Wannan rigima ba sabuwa ba ce. A Ayyukan Manzanni sura 6, masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tauye gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni kuma suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin. Duka bakwai ɗin sunayen Helenanci gare su. Wato waɗanda suka yi ƙorafi aka damƙa wa amanar. Daga nan Baftis ke ɗauko hujjar zaɓen dikononi, kuma da za a riƙa zaɓensu da wannan ruhu, da an rage tsagewa.

Gini ba ya buƙatar dogon bayani, kowa ya ga yadda ake yi: rumfar ciyawa, sai laka, sai bulo layi-layi shekara bayan shekara, kowane iyali da adadin da aka yanka masa. Abin da ba a gani daga titi shi ne takarda. Tun dokar filaye ta 1978, takardar mallaka a hannun gwamna take, kuma shugabannin Kirista sun daɗe suna kukan cewa a wasu jihohin Arewa samun ta da sunan majami'a yana da matuƙar wuya. Sai a sayi fili da sunan wani mamba. Ran da ya rasu, ko ya yi fushi ya fita, magadansa su ce gadonsu ne. A ƙauye kuma filin kyauta ne da baki, shaidunsa sun mutu. Ikilisiyoyi da yawa sun gina bene a kan maganar da ba a rubuta ba.

Duk waɗannan matsaloli ne da jama'a za su iya warwarewa a taronsu. Akwai wadda ta fi ƙarfin taro. A rikicin Kaduna na shekarar 2000 an ƙona makarantar tauhidi ta Kawo, kuma daga lokacin garin ya rabu, Kirista suka yi ta komawa kudancin kogi, Musulmi suna komawa arewa. A ranar 5 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar sakandaren Bethel ta Baftis a Damishi, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Na ƙarshensu bai dawo gida ba sai bayan fiye da shekara biyu. A ƙarshen Oktoban 2021 ɗin aka shiga majami'ar Emmanuel a Kakau Daji ana cikin sujada, aka tafi da mutum fiye da sittin. Bala'in bai bar masallatai da Islamiyyu ba, kowa ya sani, daga Zamfara har Neja. Amma a yi tunanin abin da yake yi wa ikilisiyar da ba ta da kowa sai kanta. Kuɗin fansa daga rumbun mambobi zai fito, da shanunsu, da filayensu. Kuɗin da aka tara shekara biyar don rufi ya tafi a dare ɗaya. A nan ne amfanin haɗin kai da sauran ikilisiyoyi ke bayyana, domin ba don gudummawar asosiyeshan da kwanfarans da 'yan'uwa na Kudu ba, da wasu ba su sake buɗe ƙofa ba. Ikilisiyar da ta riƙa ƙin tura kasonta tana cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ranar wuya takan gane cewa cin gashin kai bai taɓa nufin zaman kaɗaici ba.

Wannan ya sa dole a yi hattara da lissafin girma. Majami'u a Sabon Tasha, Gonin Gora, Unguwar Romi da Maraban Rido sun cika har ana kafa rumfa a waje, kuma rahoton shekara zai nuna ƙari mai faranta rai. Amma kaso mai yawa na wannan ƙarin mutanen wasu majami'u ne da aka rufe a daji. Benci ya cika a nan don ya zama kango a can. Haka nan yaran mambobi da suka isa baftisma, da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, duk ƙari ne na gaskiya a littafi, sai dai ba su nuna cewa ikilisiya ta taɓa rayuwar unguwarta ba. Tambayoyin da suka fi nuna lafiya ba sa shiga fom ɗin rahoto. Mutum nawa ne a kwamitin kuɗi da ba dangin waɗanda suka kafa ta ba? In fasto ya yi tafiyar wata guda, akwai mai iya koyar da ajin baftisma? 'Yan gudun hijirar da suka cika bencin baya, an rubuta sunayensu an ba su ƙuri'a, ko har yanzu baƙi ake kiransu bayan shekara uku? Maƙwabcin da ba Kirista ba, in gobara ta kama gidansa, yana sa ran ganin mutanen majami'ar da bokiti?

Akwai kuma gwaji na ƙarshe, wanda ya fi kowane ciwo. Ikilisiya ta kai mutum ɗari da hamsin, ta fara biyan fasto a kan kari, ta sa tayil. Sai iyalai takwas da ke zuwa daga tsallaken rafi su ce suna son fara addu'a a unguwarsu. Cikinsu akwai mai kiɗan madanni, da malamar Makarantar Lahadi, da mutum biyu daga cikin masu zakka mai kauri. Ma'aji zai buɗe littafi ya nuna yadda kuɗin shiga zai faɗi, kuma lissafinsa daidai ne. Wasu za su ce a jira a gama silin tukuna. Ikilisiyoyin da suka jira silin galibi suna nan su kaɗai har yau, iyalai takwas ɗin kuma sun tafi duk da haka, da ɓacin rai, wani lokaci zuwa wata ɗarika. Waɗanda suka ɗaga hannu suka amince, sukan ba da benci shida da tsohuwar ganga, su sa dikon ɗaya ya riƙa hawa keke zuwa can duk Lahadi, su kuma ɗauki rabin alawus ɗin mai wa'azi na shekara biyu ko uku, har sabuwar tashar ta iya buɗe littafin sunaye nata.